Kazar Takwara a Hawa na Sha Bakwai

Ranar da Gwaggo ta rasu babu wanda ya tako ƙofarmu. Ba a shimfiɗa tabarma ba, ba a dama gumba ba, ba mu ji sallamar kowa ba. Shekara ta biyu ce ta annobar korona, Kuala Lumpur tana cikin dokar kulle, mu kuma muna hawa na sha bakwai a wani dogon bene a unguwar Bukit Jalil. Ina da awarwaron roba ruwan hoda a hannu, alamar an killace ni, ko bakin lif ba ni da ikon zuwa. Wayata ce ta zama zauren makoki.

Yayana ne ya fara kira daga Kano. Mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne mahaifinmu, sai ga shi yana sheshsheƙa har maganarsa ba ta fita. Ɗan baffana ya kira daga shagonsa, ya ce ya sauke ƙofa ya zauna a ciki shi kaɗai. Ƙanwata ta kira ta yi ta faɗa da ni, wai don me na ɗauko tsohuwa na kai ta bakin duniya, daga baya ta fashe da kuka ta ce in yafe mata. Ɗaliban nan 'yan Najeriya da ke hawan ƙasa da mu suka rataye mana shayi a hannun ƙofa, ɗayansu ya kira ya ce, "Anti, wallahi ba mu san me za mu ce ba. Grandma fa, tamu ce duka."

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk ɗan'uwan da ya kira, da ya gama "ya haƙuri" sai ya tambaya a hankali: "Takwarar ta samu kazarta kuwa?" A lokacin ban iya amsawa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don su ji amsar, don kuma ɗiyata ta san wace ce aka sa mata sunanta.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ni aka ba ta riƙo tun da aka yaye ni, a ƙauyenmu da ke bayan Bichi. Ba ta da gona mai girma, ba ta yi boko ba, abin da ta sani shi ne kaji. Duk ɗan da aka haifa a zuri'armu, namiji ko mace, Gwaggo za ta kamo budurwar kaza daga akurkinta, ta kama hannun jaririn da nata hannun, ta ɗora a bayan kazar ta ce, "Ga jarinka. Allah Ya sa ta haifi akuya." Muna yara muna yi mata dariya, ina kaza ina haihuwar akuya? Amma ɗan baffana da kuɗin 'ya'yan kazarsa aka sai masa tunkiya, tunkiyar ce ta kai shi ga shagon nan. Ba ta yarda a aika da kazar. Sai hannunta ya taɓa hannun yaron, in ba haka ba a wajenta ba a yi komai ba.

Ta zo Malesiya ne don ta yi mini wankan jego. Maigidana, wanda take kira Malam, yana koyarwa a wata jami'a a nan. Na haifi mace, aka sa mata sunan Gwaggo, ita kuma ba ta kiranta da komai sai "takwara". Ta gasa ni da ruwan zafi a ɗan banɗakin nan har madubi ya daina nuna fuska, tana mitar babu ganyen darbejiya, babu icen kirki, wai ruwan da lantarki ya dafa ba ya shiga ƙashi.

Bayan na yi arba'in muka kai ta Kampung Baru, wata tsohuwar unguwa a tsakiyar birnin, cin abinci. Muna zaune a wata rumfa kusa da masallaci sai zakara ya yi cara. Gwaggo ta ajiye cokali ta miƙe ta bi wani lungu. Na bi ta da goyo. Muka same ta a tsugunne a bayan wani gidan katako, dogayen benaye sun kewaye shi, ta riga ta kama wata kaza tana lalubar ƙasan wutsiyarta. Mai gidan, wata tsohuwa 'yar ƙasar da muke kira Makcik, wato inna da yarensu, tana tsaye tana dariya. Gwaggo tana yi mata Hausa, ita tana mayar da Malayanci, kuma wallahi sun fahimci juna fiye da yadda nake fahimtar wasu da muke yare ɗaya. Gwaggo ta nuna jaririyar ta nuna kazar. Makcik ta ce, "Boleh, boleh," wato babu damuwa.

Malam ne ya ce ba zai yiwu ba. Dokar benenmu ta hana ajiye dabba, akwai masu gadi a ƙofa, in aka kama mu mai gida zai iya korarmu. Gwaggo ta saki kazar tana gunaguni. Ta ce ba komai, in mun je gida hutu sai ta ba ta daga akurkinta. Ba a daɗe ba aka rufe ƙasa, jirage suka tsaya, tafiyar Gwaggo ta zama sai yadda Allah Ya yi.

Ban taɓa sanin tsoro irin na wannan lokacin ba. Titin da ke ƙasan tagarmu, wanda da ba ya rabuwa da motoci, ya zama wayam, in ka ji ƙara to motar asibiti ce. Daga gida kuma kullum sai an kira an ce wane ya rasu, wance ta rasu, duk sa'o'in Gwaggo. In Malam ya dawo daga cefane sai ya tuɓe a bakin ƙofa, ya goge kowace leda da maganin kashe ƙwayoyin cuta. In Gwaggo ta yi tari sau ɗaya, ni da shi mu kalli juna, kowa ya kau da kai. Na ce mata ta daina sauraron labarai. Ta ce, "Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Ni ba kabari nake tsoro ba, 'yar nan. Ina tsoron in tafi yarinyar nan hannunta wayam, ita kaɗai a cikin jikokina."

Ba ta zauna haka kawai ba. Da ta ji ɗaliban hawan ƙasa sun koma cin taliyar leda safe da yamma, sai ta hau tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka daga ɗan guzurin da ta zo da shi. Malam ya sauka ta matakala ya rataye musu a hannun ƙofa ya ƙwanƙwasa ya gudu. Kukar da na ɓoye don kaina duk ta ƙare a cikin yaran mutane. Da na yi ƙorafi ta ce in ji kunya, uwayensu suna can ba sa barci.

Takwara ta yi rarrafe, ta fara tafiya, kaza shiru. Wata safiya Gwaggo tana fasa ƙwai a kicin ta tsaya ta juyo ta ce, "Masu gadin nan suna hana ƙwai shigowa?" Na ce a'a. Ta ce, "To kazar da aka hana ta shigowa da ƙafarta, a shigo da ita a cikin ƙwai."

Haka muka sayi injin ƙyanƙyasa ta waya. Ɗan ƙarami ne, bai fi tukunyar dafa shinkafa ta lantarki ba, da murfi garai-garai da jajayen lambobi masu nuna zafi. Akwai wajen zuba ruwa don danshi, kuma shi da kansa yake juya ƙwan. Gwaggo ta zagaya shi ta taɓe baki ta sa masa suna "uwar roba". Makcik ta aiko da ƙwai ta hannun mai babur, ta binne su a cikin ɗanyar shinkafa don kada su girgiza. Malam ya ɗauko maganinsa zai goge, Gwaggo ta tare da hannu. Ƙwan kwanci ba a wanke shi, in ji ta, in an wanke an kashe. Malam ya ja da baya yana kallon ƙwayayen kamar kunama ce a cikin shinkafar. Ni kaina ranar sau nawa na wanke hannu ban sani ba.

Sati uku ake jira. Muka sa injin a ɗakin Gwaggo, nesa da bangon maƙwabta. Abin da ba mu sani ba shi ne abin da take yi in mun kau da ido. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san da an yi tsawa za a ɗauke wuta. Gwaggo ta shekara saba'in da wani abu a kan wannan ilimin, ba ta ga dalilin da zai canja don an hau jirgi ba. Garin nan kuwa kusan kowace la'asar sai hadari ya haɗu an yi tsawa. Da ta ji rugugi sai ta buɗe murfi, ta kwashe ƙwayayen ta ƙulle a zani a jikin cikinta, ta zauna tana jan carbi tana jiran a ɗauke wuta. Ba a ɗaukewa. In ruwa ya tsaya ta mayar da su. Wani lokacin awa biyu suna jikinta, fanka tana kaɗawa.

Ni na kama ta, ranar da na shiga da shayi na ga injin babu komai yana ta juya iska. Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Sai an ɗauke sannan zan fara neman zani?" Na ce, "Gwaggo, tunda muka zo garin nan kin taɓa ganin an ɗauke?" Ta ce ai ranar da za a fara ba za a yi shela ba.

Sati uku ya cika ya wuce, ko motsi. Malam ya haska su da tocilar waya, wasu sun fara zama tsako sun tsaya, sauran duk baragurbi. A ranar suka yi faɗan da ban taɓa zaton za su yi ba. Da yake surukai ne ba sa kallon juna, ni ce a tsakiya.

"Gaya wa Gwaggo," in ji Malam, yana kallon bango, "injin nan ba a buɗe shi. Zafi da danshin da ke ciki in suka fita, shi ke nan."

"Gaya wa mijinki kaza ma tana sauka daga kan ƙwai ta je ta ci ta sha."

"Gaya mata kaza ba ta zama a gaban fanka. Kuma ni a nawa ganin a haƙura. Mutane suna mutuwa, mu muna nan muna kasadar a kore mu daga gida a kan ɗan tsako."

Gwaggo ta juyo ta kalle shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Don mutane suna mutuwa nake sauri, Malam."

Ya fita baranda ya daɗe. Ni kuwa haushinsu duka biyun nake ji, shi da bakinsa, ita da taurin kanta. Washegari shi da kansa ya kira Makcik ya roƙi wasu ƙwayayen. Gwaggo ta dama masa kunun gyaɗa ta ce in kai masa, kada in ce ita ta dama, kamar akwai wani mai dama irinsa a gidan.

A zagaye na biyu ta yi alkawarin ba za ta taɓa murfin ba. In an yi tsawa sai ta jawo kujera ta zauna a gaban injin, zani a cinya, hannayenta a ƙarƙashin cinyoyinta don kada su ci amanarta. Ruwa kawai take zubawa ta ƙaramar kafar gefe. Da muka haska a sati na biyu muka ga jijiyoyi ja da wani abu baƙi yana motsi a ciki. Ta ce, "Ikon Allah. Uwar roba ta yi abin kai."

A makon ne cutar ta shigo benenmu. Aka turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Muka ga mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suna feshi a bakin lif. Wata rana da rana motar asibiti ta tsaya a ƙasa, muna leƙe ta taga aka fito da wani a kan gado, ba mu san ko wane ne ba. Har yau ban san ta inda ta shigo mana ba, na kuma daina tambaya, don tambayar ba ta kai ni ko'ina sai zargin mutanen da nake ƙauna.

Wata ranar Talata na yi miyar da ni kaina sai da na yi ta shan ruwa saboda yaji. Gwaggo ta kai loma biyu ta ture kwanon. "Yau kuma rowar barkono kike yi? Miya salam kamar ruwan wanke hannu." Cokalin da ke hannuna ya faɗi. Na ɗauko man zafi na kai mata hanci na ce ta shaƙa. Ta shaƙa ta ce ba ta jin komai. Ta kalle ni, na kalle ta.

Kwana kaɗan numfashinta ya fara sarƙewa. Ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa ya riƙa nuna lamba tana sauka. Da suka zo ɗaukarta, takwara ta ga fararen kayan ta ƙwalla ƙara ta ɓuya a bayana. Gwaggo tana kan kujerar turawa, an rufe mata baki da hanci da abin iska, ta ɗaga shi ta ce, "Ruwan uwar roba. Kada ya ƙafe." Lif ya rufe. Ni ma aka gwada ni aka samu, amma nawa bai yi tsanani ba, aka ce in zauna a gida.

Na dawo da injin falo. Ina zazzaɓi, ina tari, ina zuba ruwa. Duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Wata ma'aikaciyar jinya mai kirki takan riƙe wa Gwaggo waya mu ga juna na ɗan lokaci in ta samu sarari, kullum kuma Gwaggo ta fi jiya ramewa. Tambayarta ɗaya ce, da ido ma take yinta. Ni kuma in ce saura kaɗan. Tsorona a fili yake: kada ta riga ƙwayayen.

Da la'asar ɗin da hadari ya haɗu baƙi ƙirin na ji wani ɗan ƙaramin kuka daga cikin injin. Ƙwai ɗaya ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Na zauna ina kallo. Awa ta wuce, wata ta bi, bakin yana motsi amma tsagar ba ta ƙaru ba. Na tuna yadda Gwaggo take ɓare wa tsako ɓawo da farce a gida in ya maƙale. Na kira asibiti, Allah Ya sa ma'aikaciyar tana kusa. Na juya wayar ta ga ƙwan, na ce, "Gwaggo, ya maƙale. Zan buɗe in taimaka masa." Ana tsawa a lokacin har tagogi suna girgiza.

Ta ɗaga abin iskar da ƙyar. "Kada ki buɗe."

"Zai mutu a ciki, Gwaggo."

"Hutawa yake. Akwai 'yan'uwansa a baya. Cire hannunki." Ta ja numfashi. "Gaya wa mijinki ya yi gaskiya."

Malam yana tsaye a ƙofar ɗaki da takunkumi biyu a fuska, ya juya ya shige ciki. Na zauna a kan hannayena yadda take yi. Ban taɓa jin lokaci ya yi mini tsawo haka ba, ga tsoron tsakon ya mutu a gabana, ga tsoron wayar da za ta iya shigowa daga asibiti. Sai bayan sallar asuba ya tsaga ɓawon ya zagaye, ya turo kansa waje, jiƙe sharkaf, mummuna, ya kwanta kamar ba rai. Kafin azahar biyu sun biyo shi, sun bushe sun yi laushi suna tattaka juna.

Na sake kira, ma'aikaciyar ta ce Gwaggo ta gaji ƙwarai, kada mu daɗe. Na nuna mata su ukun. Ta daɗe tana kallo, sannan ta nuna mai baƙin zane a baya, ta ce wannan mace ce. Na ɗauko ta, na zaunar da takwara a cinyata. Yarinyar tana tsoro tana janye hannu. Sai na ga Gwaggo ta ɗago nata hannun daga kan gado, da allurar ruwa a jiki, ta miƙo shi wajen wayar, ta tsaya. Ta kalli hannun. Na ga ranta ya ɓaci, na san abin da take tunani, domin a wajenta aike ba bayarwa ba ne.

Ta ce, "'Yar nan."

"Na'am, Gwaggo."

"Ni na goya ki?"

"Ke kika goya ni."

"To ara mini hannunki. Yau nawa ne."

Na kama hannun takwara na ɗora a bayan tsakon. Gwaggo ta faɗi kalmominta, ɗaya bayan ɗaya, tana hutawa a tsakani, har ta kai ƙarshe. Takwara ta ji laushin ta daina janyewa ta yi dariya. Gwaggo ta mayar da abin iskar ta rufe ido. Wannan ne ganina da ita na ƙarshe, washegari aka sa ta a na'urar numfashi, ba ta ƙara magana ba.

Don haka 'yan'uwa, ta samu. Mun ɓoye tsakin a banɗaki cikin kwali har aka sassauta doka, Malam ya kai su wajen Makcik kiwo. Mai baƙin zanen kuwa mace ce.

Malam kaɗai aka bari ya je maƙabarta, don shi an riga an yanke masa awarwaronsa, shi ma daga nesa ya tsaya. Da ya dawo na tambaye shi wa ya yi mata wanka. Ya ce masu wannan cutar ba a yi musu wanka, taimama aka yi mata a kan ledar da aka naɗe ta, mutanen kirki ne suka yi, sun kuma sallace ta. Na gode musu har abada. Amma ni ce ɗiyarta. Ni ya kamata in zuba mata ruwa, in tsefe mata kai, in ɗaure mata likkafani. Matar da ta yi mini wanka ina yarinya, ta ƙetare teku ta sake yi mini ina uwa, ban samu na zuba mata ko moɗa ɗaya ba. Abin da hannun nan ya samu ya yi mata ke nan, aron da ta karɓa na minti ɗaya.

Allah Ka karɓa mata. Ka wanke ta da rahamarKa wankan da ban yi mata ba.